Batirin Kwale-kwalena Ba Ya Kai Amarya Gaɓa: Ina Matsalar Take?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da kwale-kwale mai injin Yamaha 40 na jan igiya, ina fito a yankin Guri. Da damina ana ɗaukata hayar kai amarya da 'yan rakiya, wani lokacin kuma masu zuwa Mauludi. Na sa amfilifaya irin ta mota da aka rubuta wat 3000 a jikinta, da wufa biyu, da batirin mota mai amfiya 75. Da farko kiɗa yana yin kusan awa ɗaya da rabi, yanzu ko minti arba'in ba ya kaiwa sai murya ta shaƙe, amfilifaya ta ɗauke. Batir biyu na kashe a damina ɗaya. Wani rewaya ya jona mini waya daga inji ya ce zai riƙa caji, ban ga wani canji ba. Wasu sun ce in sayi sola, wasu sun ce in ƙara batir. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya, ya sa ka riƙa sauke fasinja lafiya. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema: me ya sa kiɗan yake mutuwa da wuri, me ya sa su kansu baturan suke mutuwa, sannan ina ya kamata ka sa kuɗinka don kada a maimaita bana. Na daɗe ina aikin waya da sola a ƙasar Haɗejiya, kuma duk shekara da ruwa ya cika hanyoyi suka yanke, sai wannan kukan ya same ni daga bakin masu jirgi, kusan da kalmomin da ka yi amfani da su.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu shiga lissafi. Batir randa ne, ba rijiya ba. Ba ya tsatso da komai daga ƙasa, abin da aka zuba masa shi kaɗai zai bayar. A jirginka randar ƙarama ce, mai sha yana kamfata da bokiti, mai zubawa kuma yana ɗigawa da ludayi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ga waɗannan ukun: girman randar, yawan abin da ake ɗiba, da yawan abin da ake mayarwa.

Nawa amfilifayar take sha?

Ka manta da wat 3000 ɗin da ke jikinta. Wannan lambar talla ce, galibi irin wadda ake kira PMPO, ba ta da alaƙa da aikin da na'urar take yi. Ainihin ƙarfin shi ne wanda ake rubuta wa RMS, in har an rubuta. In ba a rubuta ba, juya amfilifayar ka duba fis ɗin da ke gefenta, domin fis ba ya ƙarya. A ce ka ga guda biyu, kowanne 30. Wato duk tsiya ba za ta ja abin da ya wuce amfiya 60 ba. Ka ninka 60 da bolt 13, ka samu wat 780 da ke shiga cikinta. A cikin wannan ma ba duka ke zama sauti ba. Tsohon samfuri, wanda ake ce wa AB, kusan rabi yake mayarwa zafi, shi ya sa jikinsa ke ƙuna. Sabon samfuri mai harafin D yana fitar da wajen kashi 80 cikin ɗari. To ka ga wat 3000 ta dawo tsakanin 400 da 600.

Kiɗa kuma ba a miƙe yake shan wuta ba, yana hawa yana sauka da dukan ganga. A irin amfilifayar nan, idan an buɗe murya irin ta biki, abin da na saba gani a mita shi ne tsakanin amfiya 20 da 30. Mu ɗauki 25. Awa ɗaya ta cinye 25, awa huɗu sun cinye 100. Wannan 100 ɗin ita ce buƙatarka ta wunin biki guda, kuma da ita za mu auna komai.

Yanzu dubi randarka. An rubuta 75, amma wannan adadin ana samunsa ne idan aka ja wutar a hankali cikin awa ashirin, wato ƙasa da amfiya huɗu a kowace awa. Da zarar ka ja da ƙarfi, batirin dalma, wato irin na mota, ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, kamar yadda tulu mai ƙaramin baki yake kwarara da ƙyar in ka kifa shi gaba ɗaya. A jan amfiya 25, sabon batir mai 75 da wuya ya ba ka abin da ya kai 50 kafin ƙarfinsa ya faɗi. Ita kuma amfilifaya tana kashe kanta idan wuta ta sauka wajen bolt 10 da rabi. Awa ɗaya da rabin da ka samu da farko, ita ce iyakar abin da batirin zai iya. Ba a cuce ka a wannan ba, aikin ne ya fi ƙarfinsa.

Dalilin mutuwar baturan

Batirin mota an ƙera shi ne don aiki ɗaya: ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyu ko uku ya tayar da inji, nan take altaneta ta mayar masa da abin da ya bayar. Farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, masu yawa. Idan aka riƙa tatse shi har ƙasa, farantan suna zubar da garinsu a gindin batir, kuma ba a mayar da wannan. 'Yan tatsa kaɗan ne, ba ɗaruruwa ba, suke gamawa da shi. Kai kuwa duk fita sai ka kai shi inda amfilifaya ta ɗauke da kanta.

Na biyu, kuma wannan ya fi kashe batura a ƙauyukanmu, shi ne barin batir ya kwana a sauke. Idan batirin dalma ya sauka, wani farin gishiri yana kama farantansa. In aka yi caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. In aka bar shi kwana biyu, uku, mako, sai ya daskare ya zama dutse, wurin da ya kama ya daina aiki har abada. An dawo daga biki da dare a gajiye, batir yana cikin jirgi, ba a kai shi caji sai an sami wata hayar. Kowane irin wannan jinkirin yana yanke wani yanki na randar. Abin da ya dawo da kai minti arba'in ke nan.

Na uku shi ne cajin da bai cika ba. A shagon caji ana jera batura da yawa a kan caja ɗaya, bayan awa uku ko huɗu a goga waya a ga tartsatsi a ce ya cika. Tartsatsi ba awo ba ne, ko batirin da ke rabi yana yin sa. Wani kuma in ya ga batir ya yi sanyi sai ya ƙara masa asid, ya yi kamar ya farfaɗo na kwana biyu, alhali farantan ake ci. Ruwa ne yake ƙonewa a batir, asid ba ya zuwa ko'ina, saboda haka ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan kogi ba, ba na leda ba. Ga kuma zafi. Ana auna rayuwar batir a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana rage kusan rabin kwanansa. Mu da muke ganin sama da 40 a watan Afrilu, batirin da aka bari a buɗe cikin rana ya riga ya fara tsufa tun kafin ya yi aiki.

Ka sayi ƙaramar mita, ba ta kai kuɗin fito na yini ba. Ka bar batir ya huta awa uku ko huɗu bayan caji, babu abin da ke jone da shi, sannan ka auna. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. 12.2 rabi ne, kuma nan ne iyakar inda ya kamata batirin dalma ya sauka. Ƙasa da 12 ya riga ya shiga wahala.

Wayar da aka jawo daga inji

Rewayan bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, amma bai yi lissafi ba. Injin jirgi irin naka ba shi da altaneta irin ta mota mai ba da amfiya 70 ko 90. Ɗan kwayil ne a ƙarƙashin fulawil, wanda aka sa don fitila, ƙarfinsa wajen wat 80, wato kamar amfiya 6, kuma sai inji yana gudu sosai yake kai haka. Idan kana lallaɓawa cikin kacalla, abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. A fito na rabin awa ya zuba 3, kiɗa ya kwashe fiye da 12. Shi ya sa ba ka ga canji ba.

Akwai ma abin dubawa a wannan jonin. Wutar da kwayil ke fitarwa irin mai kai da komo ce, batir ba ya karɓarta sai ta bi ta rektifaya, na'urar da ke miƙar da ita hanya ɗaya. In kai tsaye aka jona, ba caji ake yi ba, kwayil ɗin ake dafawa. In rektifaya ce zalla babu regileta mai daidaita ƙarfin wuta, ƙarfin wutar yana iya haura bolt 15 ko 16 idan batir ya cika ko kansa ya kwance, kuma wannan yana ƙona amfilifaya. Kada ka taɓa kunna sauti da wutar inji babu batir a tsakani. Shawarata ita ce a sa rektifaya mai regileta, a ba wannan wayar ɗan ƙaramin batir nata daban don fitilar jirgi da cajin wayar hannu, a raba ta da kayan kiɗa kwata-kwata. Wannan yana kuma kawar da kukan nan mai kama da na sauro da ke shiga lasifika yana hawa da sauka tare da inji.

Ka yi sa'a injinka na igiya ne, ba ya neman batir kafin ya tashi. Ga masu injin makulli da ke karanta wannan: batirin tayar da inji haramun ne ga kiɗa. Na san jirgin da ya kashe inji a tsakiyar ruwa ana jiran wani jirgin 'yan rakiya, kiɗa yana tashi, da aka zo murɗa makulli shiru, ga magariba ta yi, ga mata da yara. Da sanda aka tura shi har gaɓa. Batir biyu, kowanne da aikinsa, kuma in za a haɗa su don caji, a sa rilen da ke raba su da kansa da zarar inji ya mutu.

Kafin ka ƙara randa, rage mai sha

Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, domin nan ne kuɗi suke, kuma masu sayar da kaya ba za su faɗa maka ba. Ba duk lasifika ce take mayar da wuta sauti daidai da 'yar'uwarta ba. Wufar mota, in aka ba ta wat ɗaya, tana ba da ƙarar da ke wajen desibel 88 zuwa 90, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarar sauti. Lasifika mai bakin algaita, irin wadda ake ɗaurawa a hasumiyar masallaci, da wannan wat ɗayan tana haura 105. A lissafin sauti, duk ƙarin desibel 10 yana neman wuta ninki goma. Tazarar 15 kuwa ta kai ninki talatin. Ma'ana, ƙarar da lasifikar masallaci za ta yi da wat 20, sai wufa ta sha wajen wat 600 kafin ta kamo ta. Ka tuna yadda kiran sallar asuba yake ratsa ƙauye biyu da ɗan batir guda.

Wufar mota an yi ta ne don rufaffen wuri, inda gilashi da rufi suke tare sautin su dawo da shi. A kan ruwa babu bango. Bes ɗin nan da ake ji a ƙirji, wanda shi ne yake shan mafi yawan wutar, yana watsewa ko'ina, mutanen da ke bakin gaɓa suna jiran amarya kusan ba sa jin sa. Abin da ke isa gare su murya ce da kaifin kiɗa, kuma wannan aikin lasifikar algaita ne. Saboda haka idan hayar ta Mauludi ce, ko wa'azi, ko sanarwa, ƙasida da magana ne za su tashi, amfilifayar taro irin su Ahuja mai wat 60 zuwa 100 da algaita biyu sun wadatar, kuma abin da za su sha a tsaka-tsaki bai fi amfiya huɗu ko biyar ba. Buƙatarka ta wuni ta sauko daga 100 zuwa 20. Ka dai duba bayanta kafin ka biya, domin ƙananan suna cin bolt 12, manya irin masu wat 250 kuwa bolt 24 suke nema, wato batir biyu a jere.

Na san 'yan biki suna son duka, kuma algaita ita kaɗai tana da tsawa a kunnen wanda ke zaune kusa da ita. Abin da nake haɗa wa mutane shi ne algaita biyu a kan sanda sama da kawunan fasinja suna kallon gaba, da wufa ɗaya a akwati mai kyau don na cikin jirgi, a kan amfilifaya samfurin D. Sannan a rage maɓallin ƙarin bes. Da wannan kaɗai na sha ganin jan wuta ya ragu da kusan rabi, masu biki kuma suna cewa sautin ya fi na da tashi. Wani abu kuma: idan murya ta fara shaƙewa, kada ka ƙara buɗewa. Wannan shaƙewar ita ce take ƙona kwayil ɗin lasifika.

Za a ce maka ka sayi kafasito, wannan gwangwanin mai lambobi masu haske. Mai farad ɗaya, in wuta ta sauka da bolt biyu, abin da zai bayar amfiya biyu ne na daƙiƙa ɗaya tak. Yana ɗan tallafa wa dukan ganga, amma ko minti ɗaya ba ya ƙara wa kiɗa. Ajiye kuɗinka.

Wane batir za ka saya?

In ka tsaya a kan kayanka na yanzu, buƙata 100 ce, kuma tunda rabi ake ɗiba a batirin dalma, mai 200 kake nema, irin na sola mai jure tatsa. Akwai dogon nan mai ruwa da ake kira tubula, yana da juriya ƙwarai a ɗaki, amma ba na son sa a jirgi: dogo ne, yana iya kifewa, asid ya zube a kan katako da ƙafafun mutane. Rufaffe, jel ko AGM, ya fi dacewa da tangaɗin ruwa. Nauyinsa wajen kilo 60 ne, wato ka ɗauki fasinja guda wanda ba ya sauka kuma ba ya biya. Nauyin nan kuma shi ne shaidarka a kasuwa. Ko a Sabon Gari ko a Ƙofar Ruwa za ka saya, sa a ɗora shi a sikeli. Batirin dalma da aka rubuta wa 200 amma yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya, takardar ce 200, ba cikin ba. Na kwance kuma, wanda aka ciro daga wani wuri aka goge, araha ba ta ado.

In aljihu zai ɗauka, litiyom samfurin LiFePO4 shi ne ya dace da jirgi. Mai 100 bai wuce kilo 12 ko 13 ba, ana iya ɗibar kashi 80 zuwa 90 na cikinsa ba tare da an cutar da shi ba, ƙarfinsa ba ya faɗuwa sai dab da ƙarewa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, kuma zama a rabi ba ya lalata shi. Mutum ɗaya zai saɓa shi ya kai gida. Mai 100 zai ba ka sama da awa uku a kayanka na yanzu, in ka gyara lasifiku kuwa ya wuce wuni. Sharuɗɗansa uku: allon tsaron da ke cikinsa, BMS, ya zama mai ɗaukar amfiya 100 don kada ya riƙa yankewa a dukan bes, caja ta zama tasa, mai tsayawa a bolt 14.2 zuwa 14.6, kuma kada a jona shi kai tsaye da kwayil ɗin inji. Ka guji wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, wannan wani sinadari ne daban, yana kamawa da wuta, kuma gobara a jirgin katako ba ta da wurin gudu.

Su kuma masu cewa ka ƙara batir a kan wanda kake da shi, kada ka haɗa sabo da tsoho. Tsohon zai riƙa zuƙe sabon har ya mayar da shi irinsa. In biyu za ka haɗa, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, sayen rana ɗaya. In ka jera su don bolt 24, kada ka saci 12 daga guda ɗaya don fitila, domin ɗaya zai riƙa cika ɗaya yana yunwa.

Caji: a tudu ake cika randa

Sola tana da amfani, amma ba yadda aka kwatanta maka ba. Faranti mai wat 300, a rana mai kyau a Jigawa, abin da yake tarawa a zahiri wajen wat-awa 1000 zuwa 1200 ne. Mayar da amfiya 100 cikin batirin dalma yana neman kusan 1500, saboda sai an zuba fiye da abin da aka ɗiba. Wato faranti ɗaya ba ya cika shi a wuni guda, sai biyu. Kuma lokacin da ka fi samun haya, Agusta da Satumba, shi ne lokacin hadari. Da hunturu kuma ƙura ce, sai ana goge farantin kullum. Sannan manyan farantan nan suna fitar da sama da bolt 30, in ka haɗa su da kwantirolar caji mai araha samfurin PWM a kan batirin bolt 12, fiye da rabin ƙarfinsu ya tafi a banza. Kwantirola samfurin MPPT ake sa musu.

Ni ba na ɗora manyan faranti a kan kwale-kwale. Iska tana kama su kamar tabarma, suna sa saman jirgi nauyi, sandar tuƙi tana fasa su. A kafa su a gida ko a bakin mashigi, batir ya riƙa zuwa wurinsu. In rumfa gare ka mai ƙarfi, ɗan faranti mai wat 100 a kwance a kanta yana taimakawa a ranakun fito, amma ƙari ne, ba shi ne abincin ba.

Don ranakun hadari, ka mallaki cajarka mai amfiya 20, irin mai rage wuta da kanta, wadda take kai batir bolt 14.4 ta riƙe shi a nan, sannan ta sauko 13.6. Ƙaramin janareto Tiger yana ɗaukarta. Ka ba ta awa bakwai zuwa takwas: biyar na farko suna mayar da mafi yawa, sauran kuma su ne masu narkar da gishirin nan, kuma su ne mutane suke yankewa don tsimin fetur. Ramin bolt 12 da ke jikin janareton kansa amfiya takwas ne kawai kuma ba shi da mai tsayar da shi, kada ka dogara da shi. Ƙa'idar ita ce batir ya hau caji a daren da aka dawo, ko da sassafe in sola ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ruwa ya janye aiki ya tsaya, a ajiye shi a cike, a inuwa, a cire wayoyinsa, a riƙa ɗora shi a caji sau ɗaya a wata.

Kunna janareto a cikin jirgi don ciyar da amfilifayar gida, ko sa inbata, ba na ba da wannan shawarar. Wutar bolt 220 a wurin da ƙafa take cikin ruwa kisa ce, ga hayaƙi, ga jarkar fetur. Inbata kuma tana cin nata kason kafin ta ba da komai.

Waya da fis

Sau da yawa batir yana da sauran ƙarfi, waya ce take shaƙe shi. A ce tsakanin batir da amfilifaya mita uku ne, zuwa da dawowa shida. Waya mai kaurin murabba'in milimita 6, a jan amfiya 60, tana cinye bolt guda cur a hanya. Mai milimita 25 kwata kawai take ci. Wannan bambancin shi ne tsakanin amfilifayar da ke ɗaukewa a dukan ganga da wadda ke ci gaba. Ka sa mai 25, ta jan ƙarfe zalla, ja da baƙa kauri ɗaya, kuma ka matso da batir kusa. Kankare bakin wayar da wuƙa kafin ka saya. In cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ya ɗaukar wuta sosai kuma danshi yana mayar da shi gari. Kan batir a ɗaure shi da noti, ba da maƙalar caji ko ƙusa ba, a shafa masa girisi ko basilin.

Fis kuwa ba na sassauci a kansa. Wanda ke jikin amfilifaya ita yake karewa, ba ya kare wayar. Dole a sa wani a kan jar waya, bai wuce taƙi ɗaya daga kan batir ba, mai amfiya 80 a irin kayanka, tare da makunnin da ke yanke wutar gaba ɗaya. An taɓa kirana in duba wani jirgi da jar wayarsa ta goge a bakin kujera ta taɓa baƙar. Babu fis. Cikin ƙiftawa robar ta narke tun daga batir har amfilifaya, ta bar baƙin layi a jikin katako, kuma layin ya tsaya ne kamu ɗaya daga jarkar mai. Matuƙin ya fizge wayar da hannu, tabon yana tafinsa. Tun ranar ba na haɗa wa kowa sauti a jirgi in ya ce fis ɗin sai wani zuwan.

Batir ya zauna cikin akwatin roba ko na katako mai murfi da ƙofofin iska, a ɗaure, a ɗage daga ruwan da ke taruwa a gindin jirgi, a tsakiya don kada ya karkatar da shi, nesa da fetur. Batirin dalma yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, saboda haka ba a kunna ashana ko taba a kansa. Amfilifaya ta samu inuwa da iska, kada a naɗe ta a leda tana aiki.

Nauyi da kunnen matuƙi

Aikina waya ne, yawan abin da jirginka zai ɗauka kuwa kai da wanda ya ƙera shi da Sarkin Ruwan mashiginku kuka fi kowa sani. Amma batir da akwatunan sauti suna iya kai nauyin mutum biyu, kuma dole a cire su daga adadin fasinja. Ba mu manta da abin da ya faru a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya a hanyarsu ta zuwa Mauludi. Kiɗa yana sa mutane miƙewa da rinjaya gefe guda, kuma yana toshe kunnen matuƙi daga jin canjin kukan inji, ko wani jirgin da ke fitowa daga lungun kacalla, ko ihun wanda ya faɗa. Makunnin sauti ya kasance a inda hannunka yake kaiwa, kai ne mai iko da shi ba abokan ango ba. A wurin igiyar ruwa da wurin kwana a kashe, in an hango gaɓa a buɗe. Wannan ma yana rage maka wutar da kiɗa zai sha a batir, domin masu tarba a gaɓa ake yi wa kiɗan.

Lissafin da na yi na amfiya 25 na gina shi ne a kan irin amfilifayar da aka fi sayarwa da wannan lambar, taka sai an auna. Kafin ka kashe ko sisi, ka samu mai mitar maƙalawa wadda take auna wutar batir, a kunna kiɗa yadda ka saba, a ga nawa take ja. Ka duba lambar fis ɗin da ke jikinta. Ka yi wa batirin da ke hannunka cikakken caji, ya kwana babu abin da ke jone da shi, ka auna shi da safe. In bai kai 12.4 ba, ka sayar wa masu sayen dalma ka ƙara a kuɗin sabo. Ka turo mini waɗannan lambobi uku, da awa nawa kake so kiɗa ya yi, da ko akwai mai sola ko janareto kusa da mashiginku, sai in faɗa maka girman batir da cajar da za ka nema.